Ranar da Na Cire Mai Gadin Uwar Allo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai nake buɗe wannan takarda. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da iyalansa da sahabbansa.

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, samari uku masu gyaran waya da kwamfuta a bakin tashar Tanut suka biyo ta rumfata don mu gaisa. Ana cikin shan shayi ɗaya daga cikinsu ya ce, "Baba Habu, aikin nan fa ba wuya. Allo ya mutu, ka cire ka sa wani. Kana son na'ura ta ƙara gudu, ka shiga cikinta ka ɗaga lamba. Shi ke nan." Sauran suka yi dariya, ni ma na taya su. Ban ba shi amsa a ranar ba, domin amsar ta fi shayi uku tsawo. Ita ce nake rubutawa yanzu, gare su da duk wanda ya kama wannan sana'a.

Aikin farko da na koya ba na ƙarfe ba ne. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, marubuci ne a wani ƙauye kusa da Belbeji. Mutane sukan kawo masa littafi ya kwafa musu da ajami ko da Larabci. Yana da ƙa'ida guda wadda ban taɓa ganin ya karya ba: ba ya miƙa wa mai littafi kwafinsa sai mutum biyu sun zauna a kansa. Ɗaya ya riƙe na asali yana karantawa da ƙarfi, ɗaya ya bi sabon da yatsa, layi bayan layi, har ƙarshe. Ko mai littafin ya ɗaura wa raƙuminsa sirdi yana jira a ƙofa, sai ya jira. Ni nake karantawa, shi yake bi. Na sha ganin ya tsaya, ya ɗauki aska ya kankare ɗigo guda da ya sauka inda ba muhallinsa ba, sannan ya ce, "Ci gaba."

Bayan farin farko da ya cinye mana dabbobi, aka kai ni Damagaram wurin Baba Kyari mai gyaran rediyo. Babarbare ne, dogo, ba ya son surutu. Wata uku ban taɓa rediyo mai rai ba. Aikina hura gawayi, domin ƙarfen liƙinsa a wuta ake gasa shi, sai rarraba ƙusoshi cikin gwangwanin tumatir. Kayan aikinsa ba su da yawa: ƙarfen liƙi biyu, dalma, turnabis na kwance ƙusa manya da ƙanana, hantsaki, da mita mai allura wadda yake naɗewa cikin tsumma kamar jariri. Kafin a cire komai daga cikin rediyo, dole a zana hotonsa a takarda, a rubuta kowace waya inda ta fito da inda ta nufa. Shi da boko yake rubuta nasa. Ni da ajami na riƙa yin nawa, bai kuwa hana ni ba.

Wani Ba'abzine ya taɓa kawo mana babbar rediyo mai cin batir da wutar gari, tana warin ƙuna. Baba Kyari ya buɗe ta, ya sa hantsaki ya zaro wani abu ya ajiye a tafin hannuna. Fis ne, ɗan kwalbar nan mai siririyar waya a ciki wadda ke tsinkewa in wuta ta yi yawa. Wani mai gyara a hanya ya naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin taba don ya daina tsinkewa. Ya daina kuwa, sai cikin rediyon ya ƙone a madadinsa. Baba Kyari ya ce mini, "Habu, duba da kyau. Abin nan aikinsa ke nan ya tsaya in akwai matsala. In ya dame ka da tsayawa, ka nemi matsalar. Kada ka taɓa shi." Na ce na ji. Shekara goma sha wani abu ina ganin na ji ɗin.

Na dawo Tanut na kafa rumfa a gefen kasuwa. Ranar kasuwa Fulani sukan zo da manyato, wato rikoda, cikin riga mai ado, kaset ya naɗe a ciki ko yashi ya ci kan karatu. Manoman Gangara sukan zo da rediyo mai batir huɗu wadda ruwan batir ya ci ƙafafunta. Mutanen Tanhiya da na arewa sukan bar mini kaya su tafi da dabbobi, sai bayan wata biyar su dawo su tarar na rataye musu a ƙusa da suna a jiki.

Sai shekarar babban fari ta zo, ta tamanin da huɗu. A shekarar nan ba wanda ya gyara rediyo. Wanda ba shi da tiyar hatsi ba ya neman batir. Masu kaya a rumfata da yawa ba su dawo ba. Wasu sun gangara kudu, wasu ban sake jin labarinsu ba har yau. Na koma liƙin tocila da butar ƙarfe, wani lokaci ina bin masu gyaran rijiya. Da yamma, don hannuna kada ya manta, nakan zauna in kwance matattun rediyoyi in rarraba kayan cikinsu a gwangwani. Cikinsu har da rediyon saƙo ta wata babbar mota da ta mutu a hanyar Agadas. A cikinta na sami ƴan ƙarafa guda biyar masu ƙafa biyu, kowane kamar ƙwayar gyaɗa da aka danne, da lamba a jikinsa. Kwarz ake ce musu. Na zuba su a gwangwani na manta.

Ƴan shekaru bayan haka wani furoje, shirin taimakon manoma, ya buɗe biro, wato ofis, a Tanut. Wata safiya aka aiko a kira ni, wai ordinatarsu, wato kwamfuta, ta ƙi tashi. Ban taɓa ganin irinta ba. Akwati ce ta ƙarfe kwance a kan tebur, da gilashi mai koren rubutu a samanta. Wutar gurup ɗinsu, wato janareta, ce ta yi tsalle ta fasa wani abu a tukunyar wutar na'urar, irin abin da nake canzawa a rediyo kullum. Kafin azahar na gama. Amma da anasaran da ya kawo ta ya ɗaga murfin, idona bai tsaya a tukunyar wuta ba. Ya tsaya a kan wani faffaɗan koren allo da ya shimfiɗe ƙasan akwatin duka. Shi ya ce masa kart-mer. Mu muka sa masa uwar allo.

Na roƙe shi ya bar ni in zana. Ya yi dariya ya ce in zana. Mai aiki da na'urar, Mushe Salisu, ɗan Damagaram ne mai son barkwanci, shi ya riƙa mayar mini da bayanin anasaran da Hausa. Ga wata baƙar ƙwaya doguwa mai ƙafa arba'in, ita ce mai tunani. Kusa da ita ga wani gurbi babu kowa, an bar shi don ƙwayar da ke taya ta lissafi, ga wanda ya samu. Ga ramuka takwas a jere ta baya, inda ake soke ƙananan alluna a tsaye, ɗaya na gilashi, ɗaya na disket, ɗaya na injin bugawa. Ga ƙwayar da ke riƙe da karatun farko da na'ura ke yi in an kunna ta. Ga ɗan kwarz guda, irin na gwangwanina, da lamba goma sha huɗu da ɗoriya a jikinsa. Shi ne mai kiɗa. Kamar yadda masu noman gayya ke sauke hauya tare da ganga, haka duk abin da ke kan allon ke motsi da bugunsa.

A kusurwa kuma ga ƙananan ƙwayoyi layi huɗu, kowane layi tara. Nan na'ura ke ajiye abin da take aiki a kansa. Na tambaya me ya sa tara. Anasaran ya ce takwas ne ke ɗaukar kaya, na tara ba ya ɗaukar komai. Aikinsa ya duba takwas ɗin, in ɗaya ya yi kuskure ya tsayar da na'urar nan take. Ya nuna mini wata ƴar baƙar hula a kan ƙusoshi biyu, ya ce in an zare ta, na tara ya yi shiru. A takardata na rubuta a gefen wurin, da ajami: mai gadi. Ku riƙe wannan, domin ba zan iya cewa ban sani ba.

Aikin da nake son ba ku labarinsa ya zo ne a ƙarshen bazara, anasaran ya tafi hutu ƙasarsu. Damanar da ta wuce ba ta yi kyau ba, garuruwa da yawa sun cinye irinsu. Furoje ya samo irin hatsi zai raba. Kowane maigari ya aiko da takardar yawan gidajen garinsa, yawanci limamai ne suka rubuta da ajami. Ma'aikatan daji suka juya su zuwa boko, Mushe Salisu ya shigar da su na'ura. Ita za ta jera garuruwa, ta raba iri bisa yawan gidaje, ta buga takardar da su-furfe, wato shugaban gunduma, zai sa wa hannu. Da wannan takarda kaɗai ake loda kamiyo, wato manyan motoci. Abin da ba ya cikinta ba ya hawa mota, kuma abin da ya rage a sito za a wuce da shi wata jiha.

Wahalar ita ce na'urar tana da nawa. Daga fara jeri zuwa gama bugu takan ci safiya guda cur, gurup kuma ba a kunna shi sai lokacin aiki. Sau biyu yawan buhunan da za a samu yana canzawa, sau biyu ana sake aikin daga farko. Ranar Talata aka ce adadin zai sake canzawa, sai Laraba da rana za a san na ƙarshe. Motoci kuwa za su tashi Alhamis da asuba, domin hadari ya fara haɗuwa a gabas. Duk ɗan ƙasarmu ta Damargu ya san abin da ake nufi. Wanda ruwan farko ya same shi ba iri a hannu, ya yi asarar shekara.

Mushe Salisu ya zo rumfata da wata jaridar Faransanci da anasaran ya bari. Ya ce, "Malam Habu, ka ga abin da mutanen nan ke yi? Mai kiɗan nan naka suke canzawa, su sa mai saurin hannu. Sai na'ura ta kama rawa."

Na ce, "In ta faɗi fa?"

Ya ce, "In ta faɗi ka tashe ta. Ba kai ne likitanta ba? Wallahi in ba haka ba, Laraba da yamma ba za ta ishe mu ba."

Na zazzage gwangwanina na sami mai lamba ashirin da biyu. Abu biyu na yi daidai a ranar, kuma ba dabarata ba ce, tarbiyyar Baba Kyari ce. Na sa Mushe Salisu ya kwafe disket ɗin sunayen ya kulle na asali a aljihun tebur. Tsohon kwarz kuma da na cire, na naɗe shi a takarda na rubuta wace ƙafa ke wane rami. Na liƙa sabon, na yi bismilla, muka kunna.

Ƙarar da takan yi in ta tashi ta fito siririya, kamar an matse wuyan zakara. Rubutu ya riƙa zubowa a gilashi da saurin da ba mu saba gani ba. Mushe Salisu ya buga tebur ya ce, "Kai! Jakar nan ta zama doki!" Muka gwada ta da sanyin safiyar Laraba, aikin da takan yi a awa uku ta gama shi cikin biyu. Agogon cikinta ma ya kama gudu, hantsi bai gama ɗagawa ba ta ce azahar ta yi. Muka yi ta dariya. Ban tsaya na tambayi kaina ba, abin da ya yi kyau da sanyin safiya, yaya zai yi da rana tsaka a ɗaki mai rufin kwano.

Adadin ƙarshe ya iso bayan azahar. Aka kunna gurup, zafi kamar a bakin tanda. Ba a yi minti ashirin ba na'urar ta tsaya cik, da kalmomi biyu a saman gilashi. Muka kashe muka kunna. Ta sake tsayawa. Sau uku. Mushe Salisu ya jiƙe sharkaf da gumi.

Ya ce, "Malam, mene ne ke tsayar da ita?"

Na duba zanena na ce, "Mai gadi ne."

"To, me ya gani?"

"Ban sani ba."

"A sallame shi mana, na yau kaɗai. Ka leƙa waje ka gani."

Na leƙa. A gindin itacen bedin da ke ƙofar biro masu gari ne zaune a tabarmi, wasu kwanansu uku a Tanut suna jiran a ce musu ga rabonsu. Na dawo na sa hantsaki na zare ƴar hular nan, na jefa ta aljihun rigata. Ba wanda ya tilasta ni. Na'ura ta tashi, ta yi ta gudu ba tsayawa, injin bugawa ya kama kuka, doguwar takarda mai huji a gefe tana ninkuwa a ƙasa. Muna idar da la'asar ta gama.

Mushe Salisu ya yage takardar ya naɗe, ya ɗauki makullin babur zai kai wa darektan furoje, daga nan sai wurin su-furfe kafin a tashi. Ni kuma ina tattara kayana. Hannuna ya shiga aljihu ya taɓo hular, sai na ji ba zan iya rufe jakata ba.

Na ce, "Mushe, ba a karanta ba."

Ya ce, "Me za a karanta? Na'ura ce fa ta yi. Ba ta mantuwa, ba ta son kai, ba ta da ƙanin uba a ƙauye."

Na ce, "A gidanmu ba a ba da kwafi sai an bi shi da na asali. Ina takardun masu gari?"

"Suna cikin kwali. Ajami ne, Malam, ni ba na karanta shi."

"Ni ina karantawa. Kai ka bi naka da yatsa."

Ya duba agogon hannunsa, ya yi tsaki, ya zauna. Ya ce rabin awa ya ba ni, don girman gemuna. Na jawo kwalin na fara, sunan gari da yawan gidaje, shi yana cewa "na'am". Garuruwa goma sha biyar na farko ba abin da ya kauce. Har ya fara kaɗa ƙafa yana kallon ƙofa. Muka shiga ƙasar Gangara. Na ɗauki wata takarda mai kyakkyawan rubutu na karanta, "Garin Mati, gida tamanin da tara."

Ban ji "na'am" ba.

Na ce, "Mushe?"

Ya ce, "Sake faɗa."

"Tamanin da tara."

Ya juyo mini da takardar. A gaban sunan garin an buga sifiri da ɗaya. Gida ɗaya. A layin rabo kuma an ba su abin da bai cika rabin buhu ba. Muka ci gaba, yanzu ba mai kallon ƙofa. Wani gari mai gida ashirin da takwas ya koma ashirin. Mai goma sha tara ya koma goma sha ɗaya. Ba ko'ina ba, nan da can, ta yadda mai duba takardar a tsaye ba zai ga komai ba, domin jimillar buhuna a ƙasa ta fito daidai. Abin da aka rage wa wasu an watsa shi a kan sauran.

Daga baya na gane abin da ya faru. Ƙwaya guda a layi na huɗu ba ta iya bin sabon kiɗan in ta yi zafi, sai ta riƙa sakin abin da aka ba ta riƙo. A cikin na'ura, tsakanin takwas da sifiri ɗigo guda ne, haka tsakanin tara da ɗaya. Wannan ɗigon mai gadi ya gani har sau uku ya tsayar da mu.

Maigari Mati na cikin masu zaman gindin bedi. Tsoho ne gajere mai farin gemu, ya ji an ambaci garinsa ta taga, sai ga shi a bakin ƙofa da sandarsa.

Ya ce, "Salamu alaikum. Na ji ana kiran sunana. Rabon ya fito?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ya fito, amma ba daidai ba. An rubuta garinku gida ɗaya."

Ya ce, "Gida ɗaya? To, wanne aka bari, nawa ko na liman?" Ya matso ya leƙa gilashin. "Wannan ce mai rabon? Ɗana, tambaye ta, sauran tamanin da takwas ɗin ƙaura suka yi ko mutuwa? In mutuwa ce a gaya mini, ban yi musu gaisuwa ba."

Na ce, "Baba, ba laifinta ba ne. Ni na sa ta gudun da ya fi ƙarfinta, ta yi ƙara, na toshe mata baki."

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, ba da wasa ba yanzu, "Mutanena sun gyara gonakinsu tun watan jiya. Ko tiya ɗaya ta iri babu a garin. Na ce musu ba zan dawo hannu sake ba."

Maganar da na faɗa wa Maigari ita na maimaita a gaban darekta. Mushe Salisu ya so ya ɗauki rabin laifin, na ce shi roƙo ya yi, hantsakin a hannuna yake. Darekta bai ɗaga murya ba. Ya tambaya awa nawa na'urar ke bukata in an mayar da ita yadda take. Na ce safiya guda, da awa ɗaya ta karatu. Ya ce direbobi ba za su so ba, domin in ruwa ya riga su sauka, hanyar Gangara ba ta biyuwa da kaya. Ya ce ya ba mu zuwa azahar ta Alhamis. In ba mu gama ba, motoci za su tashi da takardar da ke hannu, a gyara abin da ya gyaru da alƙalami.

Kafin magariba na buɗe ƙunshin takardata na mayar da tsohon kwarz, kowace ƙafa a raminta. Na zaro hular daga aljihu na mayar wa mai gadi. Da aka sallame sallar asuba aka kunna mana gurup, ba a jira lokacin aiki ba. Mushe Salisu ya fito da disket na asali daga aljihun tebur. Na'ura ta yi tsohuwar ƙararta mai kauri, ta kama tafiyarta ta jaka. Ba abin da za mu yi sai kallo. Direbobi suna zagaya motocinsu suna duban gabas, ɗaya ya leƙo ta taga ya ce, "Mai rediyo, in ruwa ya kama mu a hanya kai za ka tura." Gajimare ya taso da hantsi, ya yi duhu, iska ta kaɗa shi ya wuce arewa. Na'urar ba ta tsaya ko sau ɗaya ba.

Da ta gama bugu muka shimfiɗa tabarma a gindin bedin, a gaban masu gari duka. Ina karanta ajami da ƙarfi, Mushe Salisu na bi da yatsa, kowane maigari yana jin garinsa da kunnensa. Da na ce, "Garin Mati, tamanin da tara," Mushe Salisu ya ce, "Tamanin da tara," tsohon ya ce, "Alhamdu lillahi, sun dawo." Ana kiran azahar motar farko ta fita. Ruwan shuka ya sauka a ƙasar Gangara ranar Asabar.

Kada ku ɗauka daga ranar na bar ƙara wa na'ura gudu. Na ƙara wa wannan ɗin ma, bayan damana, da sanin anasaran. Amma sai da na bi ƙwayoyin layi huɗun nan ina karanta lambar bayansu, na gane na layi na huɗu masu nawa ne tun daga masana'anta. Na sa wani ɗan kasuwa ya samo mini masu sauri daga Kano. Na yanko murfin tukunyar alminiyan na lanƙwasa shi na ɗora a kan ƙwaya mai ƙafa arba'in don ya janye zafi, na ƙara ƴar fanka a gefen akwatin. Ban koma ashirin da biyu ba, na tsaya a goma sha takwas. Na gwada ta kwana bakwai, kullum da rana tsaka, taga a rufe, mai gadi a bakin aikinsa. Sai da ta wuce wannan na ce ta yi. Agogonta dai bai daina gudu ba, har Mushe Salisu ya manna mata takarda a goshi: kada a yi salla da wannan.

Na ga allunanku na yanzu. Ƙafafun ƙwayoyinsu ba su ƙirguwa, fankokinsu kamar na mota, kuma ba ku bukatar ƙarfen liƙi don ku canza kiɗa, da yatsa kuke yi. Amma zafin Tanut bai canza ba. Na'urar da ta mutu ba ta ba ni tsoro, kowa ya ga ta mutu. Wadda nake tsoro ita ce mai gudu lafiya tana ba da amsar da ba ita ba. In kun ɗaga lamba, ku gwada da rana, ba da safe ba. In ta tsaya, ku tambayi abin da ta gani. Kuma ku san abin da mai ita zai ɗora a kanta, domin wani wasa zai yi da ita, wani kuwa abincin gari ne.

Da kaka ta yi a shekarar rabon irin nan, ranar wata kasuwa, ina cikin liƙin wata manyato sai na ga jaki ya tsaya a gaban rumfata. Maigari Mati ne. Ya sa aka sauke wani ɗan dami, aka kwance shi a kan tabarmata. Zangarniyar hatsi ce, dogaye, cikakku.

Ya ce, "Kowane gida ya ba da ɗaya. Ƙirga."

Na ce, "Baba, ai na yarda."

Ya ce, "Ni ban yarda ba. Aika a kira ɗan bokon nan, ya zo ya bi da yatsa."

Aka kira Mushe Salisu daga biro. Ya zo ya tsuguna da wandonsa na aiki, mutanen kasuwa suka kewaye mu. Ina ɗagawa ɗaya bayan ɗaya ina faɗa da ƙarfi, shi yana taɓawa yana cewa "na'am", tsohon na tsaye a kanmu da sandarsa. Tamanin da tara muka samu.

Nan na tsaya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren nawa ne. Allah Ya jiƙan mahaifina da Baba Kyari da Maigari Mati, Ya sa albarka a hannuwanku.